Masaƙan siliki na Van Phuc: abin kallon yana can cikin lungu

Shekara 16 ina sayar da yadi a Kantin Kwari, amma ban taɓa ganin yadda ake saƙa siliki ba sai da harkar kasuwanci ta kai ni Hanoi, babban birnin Biyetnam. Rana guda ta rage mini ba abin yi, na ce bari in leƙa Van Phuc, ƙauyen masaƙan da kowa ke ambata. Sunan ƙauyen kawai ya rage masa, gari ya riga ya haɗiye shi. Yana yankin Ha Dong, kamar kilomita 10 daga tsakiyar birni, a bakin kogin Nhue. Na hau jirgin ƙasa na layin Cat Linh zuwa Ha Dong, wanda aka buɗe a 2021, na sauka, ɗan acaɓan manhajar Grab ya ƙarasa da ni. Ba a biyan kuɗin shiga.

Da farko har na fara cizon yatsa. Kana wuce ƙofar garin za ka tarar da titi an rataye masa laima kala-kala a sama, 'yan mata na ta ɗaukar hoto, shaguna jere hagu da dama cike da mayafai da ao dai, doguwar rigar matansu. Na shafa wani mayafi da aka rubuta wa siliki zalla, hannuna ya ce mini ƙarya ne. Santsinsa irin na roba ne, ba ya ɗaukar ɗumin hannu, kuɗinsa kuma ya yi arha har ya ba da tsoro. Wanda ya sha sauke dila daga Guangzhou ba a yi masa wannan burga.

Ƙara ce ta cece ni. Daga wani lungu nake jin ƙwas-ƙwas-ƙwas ba tsayawa, na bi ta har wani gida mai faɗin tsakar gida. Injinan saƙa 5 ne a ciki, jikinsu katako da ƙarfe, lantarki ke juya su, wata dattijuwa da yara mata biyu na kewaya su. Ƙoshiya na gilmawa da gudun da ido ba ya kamawa. Abin da ya tsayar da ni yana can sama: wata doguwar sarƙa ta kwalaye masu huji-huji, an ɗinke su da juna, suna juyawa ɗaya bayan ɗaya. Kowane kwali layi guda ne na zanen. Inda akwai huji zare ya ɗaga, inda babu ya kwanta, da haka fure ke fitowa a jikin yadi ba tare da an buga masa fenti ba. Dabarar Bafaranshen nan ce Jacquard, ta farkon ƙarni na 19. Shekara da shekaru ina kiran sunan ina sayar da shadda, ashe ban san abin da nake faɗa ba.

Ina tsaye zare ɗaya ya tsinke. Ni dai ban gani ba. Dattijuwar ta kashe injin, ta zura yatsu biyu cikin dubban zaruruwa kamar gashin jariri, ta kamo bakin, ta ƙulla, ta sake tayarwa. Duka bai kai minti ba, kuma ko tabarau ba ta sa.

Da taimakon fassarar waya muka yi magana. Ta ɗauko mini wanda suke ji da shi, lua van, wato siliki mai gajimare. A inuwa sai ka ce yadi ne marar zane. Ta ɗaga shi wajen taga, furanni suka bayyana, ta karkata shi suka ɓace. Silikin garin nan an baje shi a kasuwar baje koli ta Marseille a Faransa tun 1931, kuma da ka riƙe wannan ka san ba banza ba. Na roƙe ta gwajin wuta, ta yi dariya, ta zaro zare ta kyasta ashana. Ya yi ƙaurin gashi, tokar ta murmushe a yatsa. Na roba narkewa yake ya dunƙule. Nan na tuna rigar tsamiyar kakana, ita ma silikin tsutsa ce, ta daji, sai dai tamu kaushi gare ta da nauyi, wannan kuwa kamar ka riƙe ruwa.

Akwai abin da bai yi mini ba. Na zo da ɗokin ganin tsutsotsin da yadda ake warware gidansu a ruwan zafi, amma a gidan da na shiga saƙa kawai ake, zaren sayowa suke daga wasu garuruwa. Ɗakin na da zafi, ƙarar kuma sai da ta bar mini kunne yana amo har dare. Babu mai yi maka bayani in ba ka zo da tafinta ba. Abinci ma ban kusanta ba saboda naman alade ya yi yawa. Ayaba na saya, sallah kuma sai da na koma masallacin Al-Noor a titin Hang Luoc.

Na sayi mita 4 na lua van ruwan toka da mayafi biyu na uwargida. Na taya kamar yadda muka saba a Kwari, dattijuwar ta rage ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ta tsaya cak, ni ma ban ja ba. Faɗin yadin bai kai na shadda ba, don haka mai son babbar riga ya yi lissafi da kyau kafin a yanka.

Ga masaƙar ina ba da 4 cikin 5, shagunan bakin titi kuwa 2, shi ma albarkacin laimar. Awa biyu sun isa, a je da safe injina na aiki, a riƙe tsabar kuɗinsu na dong a aljihu da ashana guda.