Fentin feshi a kan ledar cikin Fijo 504: inda ya ci, da inda bai kai ba

Abin da na gwada shi ne SEM Color Coat, fentin gwangwani na wani kamfanin Amurka da aka yi musamman don ledar cikin mota da roba, tare da sabulun wankinsa da ruwan share leda da suke kira Vinyl Prep. Motar kuwa Fijo 504 ce, irin waɗanda masana'antar Kaduna ta fara harhaɗawa tun 1975. Na fesa shi a marafan ƙofa huɗu, wato allunan leda da ke rufe ƙofofin ta ciki, da dashbod, da bayan kujerun gaba, da mazaunin direba. Hukuncina a taƙaice: yana dawo da kala sosai, amma ba ya dawo da laushi, kuma ba ya rufe tsaga. Wanda ya saya da tunanin zai yi masa waɗannan biyun, kuɗinsa ya zubar.

Dalilin yana cikin yadda ake yin ledar. Asalinta robar PVC ce, irin ta bututun ruwa, mai tauri. Abin da ke sa ta lanƙwasa kamar fata wani mai ne da ake cuɗa ta da shi a masana'anta. Zafi da hasken rana suna fitar da man nan a hankali, kuma yana cikin abin da ke yin hazon nan mai maiƙo a cikin gilashin gaba idan mota ta wuni a rana. Bayan shekara talatin ko arba'in a zafin bazararmu, ledar ta bushe, ta ja jiki, ta fara tsagewa daga bakin ramukan iska da wajen sifika. Babu fenti ko man shafawa da zai mayar da wannan mai cikinta. Saboda haka kafin ka sayi komai, danna ledar da babban yatsa. In ta lotsa ta dawo, za ta karɓi fenti. In ta yi ƙaras-ƙaras ko ka ga ƙananan tsagu sun buɗe a gefen yatsanka, aikin mai ɗinkin kujera ne, a yaye ta a sa sabuwa.

Wanki shi ne kashi uku cikin huɗu na aikin, kuma nan mutane ke ha'intar kansu. Kusan duk tsohuwar mota ta sha man ƙyalli a wurin masu wankin mota, kuma yawancin irin man nan akwai silikon a ciki, wani sinadari mai santsi. Silikon yana shiga cikin zanen ledar ya zauna. Da ka fesa fenti a kansa sai fentin ya gudu, ya bar ƙananan ramuka zagayayyu kamar idon kifi, ko kuma ya kwanta lafiya yau, bayan sati biyu ya riƙa ɓarewa kamar fatar albasa. Wanki ɗaya ba ya isa. A cire marfin daga jikin ƙofa, a goge shi da sabulu da buroshi mai taushin gashi, ana juya buroshin ta kowace fuska don ya shiga cikin zanen, a ɗauke kumfar da ɗanyen tsumma, a maimaita sau uku. Kada a kwara ruwa, domin bayan marfin kwali ne, yana shan ruwa ya bankare. Bayan ya bushe sai a bi da Vinyl Prep: a fesa, a share da farin tsumma ta fuska ɗaya, ana sauya gefen tsumman kowane shafi. In kana kai da komo da tsumma ɗaya, dattin kawai kake yawo da shi. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ɗigon ruwa. In ruwan ya dunƙule ya tsaya, akwai sauran mai. In ya baje, an gama.

Wani zai ce me ya sa ba za a goge da tina ba, tunda tana nan a kowane shagon fenti. Tina da asiton suna narkar da saman ledar, su shafe zanenta, su bar ta da danƙo. Fetur ma ba ya barin ta lafiya. Wanda bai samu Vinyl Prep ba, sifirit mai tsabta irin na kemis ya fi masa, ko da yake ba ya tausasa saman ledar don fenti ya kama yadda na kamfanin ke yi.

Feshin kansa ba wuya in an bi shi a sannu. A girgiza gwangwanin minti biyu cur, a riƙe shi nesa da ledar kamar santimita 20 zuwa 25. Shafin farko ya zama kamar raɓa, har ana hango tsohuwar kalar a ƙasa. Shi ne ke kama ledar, sauran su kama shi. A jira minti biyar zuwa goma, a sake. Shafi uku ko huɗu marasa kauri sun rufe, da yake fenti ruwan ƙasa na fesa a kan leda ruwan ƙasa. Abin da ya fi burge ni shi ne zanen ledar bai cike ba, hannu yana jin sa kamar dā, kuma da na lanƙwasa gefen marfin fentin bai tsage ba. Wannan ne bambancinsa da fentin ƙarfe na gwangwani, wanda ke bushewa da tauri ya farfashe a ranar farko da aka jingina da shi. Amma in ka yi gaggawa ka zuba shafi mai kauri, zanen ya nutse, ƙyallin ya fito kamar na bokitin roba, kuma ba ya gyaruwa sai an wanke duka. Marafai huɗu sun ci gwangwani uku, dashbod ya ci ɗaya da rabi. Juya baƙi ya koma kala mai haske zai ci fiye da haka, kuma ban ba da shawarar yin sa ba, don duk inda ya ƙwarzane baƙin zai leƙo.

Lokacin aiki ma yana da tasiri. Da tsakar rana fentin yana bushewa a iska kafin ya sauka, sai saman ya yi kaushi kamar yashi. A damina laima na sa shi ya yi fari-fari. A hunturu ƙura ce matsalar. Hantsi a cikin inuwa, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, a bar ƙofa a buɗe saboda warinsa yana hawa kai, kuma a sa abin rufe hanci na masu fenti, ba ƙyalle ba. A bar shi kwana ɗaya kafin a mayar jikin mota.

Dashbod mai tsaga wani aiki ne dabam. Ledarsa siririya ce a kan soso, soson kuma a kan ƙarfe. Idan tsagar ba ta wuce tsawon yatsa ba kuma ledar da ke kewaye tana da sauran rai, ana huda ƙaramin rami a kowane ƙarshenta don kada ta ci gaba, a yanke leɓen da ya tashi sama da reza har ya zama kwari, a cike da fila mai lanƙwasa irin na gyaran bamba, a goge da samfefa mai lamba 180, sannan mai lamba 320 da ta fi ta laushi. Filar bodi ta masu gyaran ƙarfe ba ta yi. Ita ba ta motsi, dashbod kuwa kullum yana buɗewa da rana yana tsukewa da dare, sai ta rabu da gefen. Wurin da aka goge zai yi sumul, don haka sai an fesa abin fito da zane kafin kala, in ba haka ba facin zai fito fili. Ko an yi komai daidai, dashbod ɗin da ya tsage wuri biyar ko shida zai sake tsagewa a wuri na bakwai. Fentin bai da laifi a nan, ledar ce ta mutu.

Marafan ƙofa kuma sai a duba bayansu kafin a yi murna da gabansu. A tsakanin marfi da ƙarfen ƙofa akwai wata farar leda da ke tare ruwan da ke bin gilashi. Masu gyaran injin gilashi kan yage ta su yar, daga nan kwalin ya fara ruɓewa ta ƙasa, ramukan kilif su zazzage. A yanka sabon kwali mai kaurin milimita 3 a kan tsohon, a ɗumama ledar da draya ta gashi har ta yi laushi, a ja ta a manne ta baya, a mayar da ledar tare ruwa. Gam ya zama mai jure zafi wanda aka yi don leda. Na masu gyaran takalmi yana kamawa da farko, amma man cikin ledar da zafin mota suna mayar da shi kamar cingam, gefen ya saki.

A marafai, dashbod da bayan kujeru, sakamakon ya fi abin da na zata, musamman dacewar kalar da rashin ƙyalli mai yawa. A mazaunin direba ya yi kyau, sai dai gefen da ake gogawa wajen shiga da fita shi ne zai fara sirancewa, don haka a ajiye rabin gwangwani don faci. Sitiyari da kan giya ban ga amfanin fesa su ba, gumin hannu da gogayya ba sa barin kowane fenti a wurin. Masu Marsandi W123, wadda aka yi daga 1976 zuwa 1986, su fara da wanki kawai: ledarta, MB-Tex, tana da ƙarko ƙwarai, sau da yawa abin da ake ɗauka koɗewa datti ne ya toshe zanen, kuma fesa wa irin wannan mota fenti ba tare da bukata ba yana rage mata daraja wajen masu neman ta asali.

Bayan aikin, ɗanyen tsumma ya ishe shi. Man ƙyalli kada ya sake taɓa shi, sai a gaya wa mai wankin mota tun kafin ya ɗauko kwalbarsa. In za a shafa wani abu, a nemi mai tare hasken rana wanda ba ya barin maiƙo, irin 303 Aerospace Protectant, bayan fentin ya yi makonni ya gama ƙanƙamewa. Abin tare rana na gilashin gaba, ko da kwali ne, yana rage zafin da ke dafa dashbod fiye da duk wani mai, kuma a ɗan sauke gilasan gefe kamar faɗin yatsa idan motar za ta daɗe a tsaye.