Mai zagayawa da baƙi da muka ɗauka a Rum, ga yadda ta kaya

Tunda na dawo Bauchi abokai ke ta tambayata wai kamfanin da ya zagaya da mu birnin Rum na Italiya ya cancanci kuɗinsa ko kuwa, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta. Taron noma ne ya kai mu, aka samu rana ɗaya babu zama, mu huɗu muka haɗa kuɗi muka biya ta intanet.

Gaskiya mutumin da suka turo mana ya san aikinsa. A Fantiyon ne ya fi burge ni, ginin da ya kusa shekara 1900 yana tsaye, tun 609 aka mai da shi coci, faɗin kubbarsa mita 43 babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya, sai wata ƙatuwar ɓula a can sama a buɗe, in ana ruwa ciki yake zuba ya bi ƙananan ramukan da ke daɓen ya wuce. Na ɗaga kai har wuyana ya ƙage, ina ta tuna ɗaurin guga na tsofaffin sorayenmu, na ce kai, magina duk inda suke hankalinsu ɗaya ne. Shiga yuro 5 ne a lokacin da muka je, kuma ba ya cikin kuɗin da muka biya, wannan sai a bakin ƙofa muka ji.

Inda suka ɓata min rai shi ne cocin San Fiyetro a Batikan. A talla sun rubuta wai ba bin layi, muka je muka tarar layin bincike kowa sai ya bi, ga rana, kuma ashe shiga ma kyauta ne. Wani matashi a ayarinmu da ya sa gajeren wando aka tare shi a ƙofa don dole a rufe kafaɗa da gwiwa, mu masu kaftani ko kallo ba a yi mana ba, Alhajin da muke tare sai dariya yake. Hawa saman kubba matakala 551, ni dai na ce a kai kasuwa.

Sai sauri, wallahi kamar ana kora mu. Kolosiyam, tsohon filin wasan Rumawa, daga waje kawai, hoto biyu, mu tafi. Na ce wa mai zagayawa da mu azahar fa ta yi, ya ce babban masallacin Rum da nisa, sai da muka koma wajen tashar Termini muka yi sallah muka samu abincin halal.

In za ku ɗauke su ku tambayi abin da kuɗin ya ƙunsa tun kafin ku biya, ku ce a bar muku lokacin sallah. Kuma don Allah kar ku sa takalmin Sallah kamar ni, duwatsun titinsu sun gama da ƙafata, har yanzu silifas nake sawa zuwa ofis.