Tsohuwar taba ko busasshiya: abin da na tarar a durowar wani shago a Katsina

Akwai wani shagon turare da agogo a cikin garin Katsina da mai shi ke zuwa Dubai saro kaya. Daga ciki, bayan kantar da aka jera kwalaben turare, yana da wata 'yar durowar gilashi inda yake ajiye tabar nan ta naɗin ganye, mai kauri, irin wadda ake yi a Kuba da Nikaraguwa. Ba ya tallarta, sai wanda ya sani ya tambaya. Na raka ƙanin wani abokina ne, magidanci da bai daɗe da fara shan irinta ba, don an ce masa akwai wani tsohon akwati da ya shekara 6 a ajiye, kuma ya riga ya ware kuɗi masu kauri saboda shi.

Hukuncina kan shagon shi ne kayansa na gaske ne, mai shi mutumin kirki ne, amma ajiyarsa ba ta dace da iskar Katsina ba. Wanda ya je sayen masu araha da suka iso kwanan nan zai fito da abin kirki. Wanda ya je sayen shekaru zai yi asara.

Kafin in shiga bayani, ga wata magana da ba na wasa da ita. Wanda bai taɓa shan taba ba, kada ya fara saboda wannan rubutu. Ana cewa ai wannan ba a haɗiye hayaƙinta, a baki ake juya shi a fesar. Haka ne, amma nikotin na shiga jini ta fatar baki, kuma tana jawo ciwon dajin baki da maƙogwaro. Babban kara ɗaya na iya ɗauke da ganyen da ya kai na kwalin sigari guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara. Malamanmu kuwa wasu sun ce makaruhi ce, da yawa sun ce haramun ce, kuma ban taɓa jin wanda ya yabe ta ba. Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sha a wuraren taruwar jama'a. Ina magana ne da wanda ya riga ya shiga, don kada a haɗa masa cuta da asara.

Mai shago ya ɗauko akwatin da hannu biyu. Montecristo ne mai lamba 4, ɗan madaidaici, tsawonsa milimita 129, daga cikin waɗanda aka fi saye a tabar Kuba, kuma sunan yana kasuwa tun 1935. Ya ce, "Yallaɓai, wannan ba na kowa ba ne, ya kwana biyu." Na ce, "Alhaji, a ba ni izini in juya shi." Bai musa ba, wanda hakan kaɗai ya ɗaga darajarsa a idona, don mai sayar da jabu ba ya son a kalli gindin akwati.

A ƙasan kowane akwatin Kuba akwai hatimin Habanos, kamfanin da ke fitar da tabar Kuba kasuwannin duniya, da rubutun da ke nuna a Kuba aka yi, sai wani tambari na tawada mai haruffan masana'anta da wata da shekarar da aka rufe shi. Watannin da harshen Sifaniyanci ake taƙaita su, ENE shi ne Janairu, ABR Afrilu, AGO Agusta, DIC Disamba. A gefen murfi kuma akwai koriyar takardar gwamnatin Kuba mai ɗauke da lamba, wadda ake iya shigarwa a shafin kamfanin Habanos a intanet a ga ko ta yi daidai da abin da ke cikin akwatin. Mun duba a wayar abokin tafiyata, ta yi daidai. Shekarun ma ba ƙarya Alhaji ya yi ba.

Matsalar ta fito ne da na ɗauki kara ɗaya na matsa shi a hankali tsakanin babban yatsa da manuniya. Lafiyayyen kara yakan ɗan lotsa ya dawo. Wannan ƙam yake, kuma da na kai shi kusa da kunne na murza sai na ji ƙaras-ƙaras. Ganyen da ke naɗe a waje ya dushe, ba sheƙi, biyu daga ciki har sun tsage ta ƙasa. Na shinshina bakin karan, inda ake kunna wuta, sai ƙamshin katako da ƙura kawai. Tabar da ta tsufa a wuri mai kyau ƙamshinta ba ya gudu. Yana kwantawa ne ya yi taushi, warin amoniya da ke hawa hanci a sabon naɗi ya tafi, a bar maka wani abu mai kama da koko da busasshiyar ciyawa da ɗan zaƙi-zaƙi. Zoben takardar da ke jikin kara yakan yi sako-sako don ganye ya ɗan tsuke, shi ya sa wasu ke ɗaukar hakan shaidar tsufa. Amma busasshen kara ma zobensa na yawo, don haka wannan shaida ba ta tsayawa ita kaɗai.

Duk Bakatsinen da ya san goro ya san wannan magana. Daushe na da daraja ne saboda an riƙe shi a huhu, cikin ganye, ana duba shi ana yayyafa ruwa. Goron da aka manta a aljihu har ya bushe ba wanda zai kira shi daushe, ko ya shekara nawa. Ita tabar naɗin ganye tana son danshin iska kashi 65 zuwa 70 cikin 100, da zafin da bai wuce maki 21 a ma'aunin Celsius ba. A nan kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu na saukar da danshi ƙasa da kashi 20, leɓe ma tsagewa yake yi balle ganye. Afrilu da Mayu zafi na kaiwa maki 40. Sai Agusta ta zo da laima, ganyen ya sha ya kumbura, kaka ta wuce ya sake bushewa. Akwatin Alhaji ya yi wannan zagaye shekara da shekaru a durowar da ba ta rufuwa ruf, da ɗan kofin ruwa a kusurwa wanda ranar da muka je ma a bushe yake. Man da ke cikin ganye, wanda shi ne ɗanɗanon, ya riga ya tashi. Ana iya mayar wa irin wannan kara danshi sannu a hankali cikin makonni har ya yi laushi ya daina tsagewa, amma abin da ya tashi ya tashi.

Alhaji ya nuna mana wani farin gari-gari a jikin wasu karare na wani akwatin, ya ce an gaya masa alamar tsufa mai kyau ce. Maganar ta yaɗu a cikin masu shan taba, suna cewa man ganye ne ya fito ya daskare. Ni dai fumfuna nake ɗaukarsa, kuma daminar da ta wuce ce ta bar shi. In fari ne, a waje kaɗai yake, ya goge da ƙyalle bai bar tabo ba, ana iya haƙuri. In ya yi kore ko shuɗi, ko ya shiga cikin bakin karan, a zubar. A kuma duba ko akwai ƙananan huda a jiki da garin taba a ƙasan akwati. Wannan aikin ƙwaron taba ne, wanda ƙwansa ke ƙyanƙyashewa in zafi ya yi yawa, kuma yana iya cinye akwati guda. A nan ban ga ko ɗaya ba.

Muka koma kan waɗanda ya shigo da su a tafiyarsa ta ƙarshe, kuma nan ne shagon ya burge ni. José L. Piedra, samfurin Cazadores, na cikin mafi araha a tabar Kuba. Ganyensa daga yankin Remedios yake, ba daga Vuelta Abajo da ake ji da shi ba, kuma cikinsa gutsattsarin ganye ne ba dogaye ba, duk da cewa da hannu ake naɗa shi. Ba shi da kyan gani, jijiyoyin ganye a fili, tokarsa ba ta daɗewa take faɗuwa. Amma yana zuƙuwa ba wahala, ɗanɗanonsa na ƙasa-ƙasa da itace, kuma in sabon shiga ya yanka shi ba daidai ba ko ya bari ya mutu a hannunsa, ba zai kwana yana lissafi ba. Quintero Favoritos gajere ne mai kauri, shi ma gutsattsarin ganye ne, ya fi Piedra laushi a baki, kuma shi na fi so wa wanda bai saba ba. Dukansu ana samunsu a ƙaramin kwali mai kara 5.

Na ukun shi ne Padrón 2000 na Nikaraguwa. Ya fi waɗancan tsada, amma bai kama ƙafar kuɗin da aka sa wa tsohon akwatin ba. José Orlando Padrón ne ya kafa kamfanin a Miami a 1964, masana'antarsu tana garin Estelí a Nikaraguwa, kuma suna ajiye ganyen wannan samfuri shekara 2 da rabi kafin a naɗa. Wato wanda ke son ya san yadda tsohon ganye yake, ga shi an riga an yi masa ajiyar a inda aka iya ta. Dogon ganye ne tun daga sama har ƙasa, yana ci daidai, da ɗanɗanon koko da gahawa. Sai dai yana da ƙarfi. Kada a kunna shi da yunwa, in kuma kai ya fara juyawa ko zufa ta karyo, a ajiye a sha shayi mai sukari.

Abokin tafiyata ya tambayi Cohiba, wata tabar Kuba mai tsada, don shi ne sunan da kowa ya sani. Alhaji ya ce ba ya kawowa, kuɗinsa ya fi ƙarfin kasuwar nan, kuma na ji daɗin amsar. Tun da Habanos ta ninka farashinsa a 2022, jabunsa ya ƙara yawa. Duk wanda aka kawo wa Cohiba a akwati mai murfin gilashi da araha, aka ce wani ne ya samo daga ma'aikacin masana'anta, ya riƙe kuɗinsa.

Da kuɗin da ya ware wa tsohon akwatin, abokin tafiyata ya ɗauki kwalin Quintero ɗaya da Padrón kaɗan, ya kuma sami ragowa mai yawa. Na ce ragowar ta tafi wajen ajiya, don in ba haka ba nasa ma kwana kaɗan za su yi su zama irin na durowa. Ba sai ya sayi akwatin katako mai tsada da ake yi don ajiye taba ba, a hunturunmu katako zubar da danshi yake yi. Robar ajiye abinci mai murfin da ke kamawa gam, ko kwalba mai roba a baki, ta fi. A jefa jakar danshi ta Boveda mai lamba 65 ko 69, wato kashin danshin da take riƙewa, a ciki. Ruwa da gishiri ne a cikinta, tana ba da danshi in ya yi ƙasa, tana tsotsewa in ya yi yawa, kuma mai giram 60 na riƙe wajen kara 25. In ta yi tauri ta gama aiki, a sauya. A ajiye robar a ɗakin da ya fi sanyi, a ƙasa, nesa da taga. Ni kusa da randa nake sa tawa. Firij ba wurin ajiya ba ne, busar da ganye yake yi, ga ƙamshin miya.

Abin da shagon ya rasa ke nan, ba jakar danshi, ba na'urar auna shi, ba ko abin yanka kan kara, sai da muka yi da reza. Na faɗa wa Alhaji, ya rubuta sunan jakar a bayan wani rasit ya ce zai nemo a tafiya ta gaba, tsohon akwatin kuma ya ce zai rage masa kuɗi. Ko an rage ban ba kowa shawarar ɗauka ba. Wanda zai je, ya fara tambayar yaushe kaya suka sauka, ya nemi waɗanda ba su yi wata guda a durowar ba, kuma in ledar kwalin a rufe take ya ce a buɗe a gabansa ya matsa kara ɗaya kafin ya biya.