Residência ko kwas ɗin ƙarshen mako, ga mai son zama likitar yara a Birazil

Ƙanwata da kika ci Revalida, jarabawar da Birazil ke yi wa likitocin da suka yi karatu a waje, kike tambayar wanne za ki bi tsakanin residência (horon ƙwarewa da ake yi ana aiki a asibiti) da pós-graduação (kwas ɗin bayan digiri da ake biya) don zama likitar yara, barka da arziki tukuna. Ni duka biyun na ɗanɗana, ɗaya da kuɗina, ɗaya da gumina.

Na kuɗin, wato pós-graduação, ba ni da dogon zance a kansa. Asabar da Lahadi sau ɗaya a wata, ɗaki mai sanyi, malami na haska darasi a bango. Ban ce ban ƙaru ba, amma takardar tana nan cikin akwati har yau, ba wanda ya taɓa nemanta.

Residência kuwa shekara 3 ce yanzu. Da 2 ce, aka ƙara ɗaya, daga 2019 ta zama dole a ko'ina. Awa 60 a mako a rubuce, alawus R$ 4,106 (kuɗin Birazil) a wata yadda aka tsayar a 2022, wanda in a São Paulo kike haya kaɗai za ta lashe kaso mai tsoka. Sai kin ci jarabawar shiga, ko ta ƙasa baki ɗaya, wato ENARE, ko ta asibitin da kike so, kuma ana gwagwarmaya. Wahala dai akwai ta, ba zan ɓoye miki ba.

Amma bari in ba ki labarin wata na biyu ina R1, wato shekarar farko ta residência, a wani asibitin SUS, tsarin lafiya na gwamnati, a Recife. Ƙarfe uku na dare ina plantão, wato ina bakin aiki, wata uwa ta shigo da jariri ɗan wata huɗu a kafaɗa, tana cewa "tá cansadinho, doutora". Ni da Fotugis ɗina na littafi na ɗauka gajiya take nufi, har na fara lallashinta cewa barci yake ji. Malamarmu, wata dattijuwa mai furfura da ba ta ɗaga murya, ta zo ta ɗage rigar yaron, ta ce in duba. Fatar tsakanin haƙarƙarinsa tana lotsawa da kowane numfashi, hancinsa na buɗewa yana rufewa. Ta miƙa min agogonta, ta ce in ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur, ban da ƙirga rabi a ninka. Ya haura 60. Ashe a bakin iyayen can, cansaço, kalmar gajiya da cansadinho ta fito daga ciki, sarƙewar numfashi ce. Muka sa masa iskar oksijin, kwana huɗu ya yi aka sallame shi. Da safe malamar nan ba ta yi min faɗa ba, kofi ta siya min, ta zaunar da ni muka bi Caderneta da Criança, littafin lafiyar yaron, shafi-shafi, rigakafi da nauyi. Wannan daren ba a sayar da shi a kowane kwas.

Ga kuma batun doka. Residência da CNRM, hukumar ƙasa mai kula da residência, ta amince da ita, kina gamawa za ki je CRM, majalisar likitoci ta jiharki, a ba ki RQE, lambar da ke ba ki ikon kiran kanki pediatra, wato likitar yara. Ɗaya ƙofar ita ce TEP, jarabawar shaidar ƙwarewa da ƙungiyar likitocin yara, SBP, wadda likita Fernandes Figueira ya kafa a Rio tun 1910, ke shiryawa da haɗin gwiwar AMB, ƙungiyar likitocin Birazil. Kwas ɗin pós-graduação mai awa 360 shi kaɗai ba ya ba da RQE, ko da tambarin MEC, ma'aikatar ilimi, ya cika takardar.

A nan ne 'yan kasuwa ke cin mutane, musamman mu baƙi. Za su biyo ki WhatsApp da "ki zama ƙwararriya ba tare da residência ba", ragin kuɗi yau kaɗai, biya wata-wata. Wanda ya sayar min har rantsuwa ya yi cewa daidai yake da residência. Ki tambaye su abu ɗaya, kuma su amsa a rubuce: in na gama, CRM za ta ba ni RQE da wannan takardar? Za ki ga an fara kame-kame. Sannan ki shiga shafin CFM, majalisar likitoci ta tarayya, ki nemi sunayen malamansu, ki ga ko su kansu suna da lambar.

Ki nemi residência. In kin faɗi bana, ki riƙa plantão kina tara kuɗi kina karatu, ki sake zama baɗi. In an ba ki zaɓi, ki duba IMIP a Recife, Pequeno Príncipe a Curitiba, ko cibiyar Fernandes Figueira ta Fiocruz a Rio. Littattafan da na yi shirin jarabawa da su suna nan, ki yi min magana ta gefe in aiko miki.