Babur na doguwar tafiya da goyo: abin da za ka auna kafin ka saya

Yawancin masu neman babur na tafiya mai nisa da girman inji suke fara tambaya. Ga wanda zai yi goyo akwai lambar da ta fi wannan muhimmanci, kuma ba a rubuta ta a jikin tanki: nauyin da kamfani ya yarda babur ɗin ya ɗauka. Tana cikin littafin babur, wani lokaci kuma a kan sitika da ke manne a jikin firam. Idan jimillar nauyi aka ba ka, sai ka ɗebe nauyin babur ɗin da cikakken tanki, abin da ya rage shi ne rabonku. BMW R 1250 GS yana da kilo 249, an yarda jimillarsa ta kai 465, wato kilo 216 ke nan na mutane da kaya. Matsakaitan babura da yawa kusan kilo 200 suke ɗauka, wasu ma ba su kai ba.

Kilo 200 kamar da yawa, sai ka zauna ka yi lissafi. A ce kai kilo 80 ne, wanda za ka goya 65. Hulunan kwano biyu da riguna masu kariya da takalma za su ci kamar 15. Akwatunan alminiyam uku da ƙarafan da ke riƙe su, tun ba a sa komai a ciki ba, sun doshi 20. Kilo 20 kacal ya rage na tufafi da ruwan sha da kayan gyara. Yi wannan lissafin da ainihin nauyinku kafin ka je ganin kowane babur, zai cire maka rabin waɗanda kake sha'awa daga jeri.

Sai maganar inji. Ƙaramin babur mai 125cc ko 150cc yana ɗaukar mutum biyu, ba wanda ya musa, kuma kujerarsa doguwa ce shimfiɗaɗɗiya, abin da manyan babura da yawa suka rasa. Matsalarsa a doguwar hanya ita ce ba shi da rarar ƙarfi. Wuni guda za ka yi kana murɗe mai har ƙarshe, a hawan tudu ka sauko giya ta biyu, idan kuma ka fito shan gaban babbar mota sai ka daɗe a hannun da ba naka ba. Birkinsa ma, musamman in na ganga ne, yana yin zafi ya rage kamu a gangara mai tsawo. Wanda shi ne abin da yake da shi zai iya tafiyar, amma ya rage kaya ya kuma rage nisan kowace rana.

Daga 400cc zuwa 500cc abin ya fara kyau, sai dai lambar inji tana yaudara. Royal Enfield Himalayan mai 411cc ƙarfin doki kusan 24 yake bayarwa, Honda CB500X mai 471cc kuwa ya kusa ninka wannan. A hanyar ƙasa Himalayan ba ya jin komai, a babban titi da goyo da kaya kuma numfashinsa yana ƙarewa da wuri. A ganinmu ajin 650cc zuwa 750cc mai silinda biyu shi ne ya fi dacewa da yawancin masu goyo: Suzuki V-Strom 650 mai tankin lita 20, Kawasaki Versys 650 mai lita 21, ko Honda NC750X. Wannan na ƙarshen yana da wani hali da ba a cika lura da shi ba sai an saya: bakin tankinsa a ƙarƙashin kujerar baya yake, don haka duk shan mai sai fasinja ya sauka an ɗaga kujerar, duk jakar da igiyarta ta ratsa wurin kuma sai an kwance ta.

Manyan irin su Honda Gold Wing, mai inji 1833cc da silinda shida, ba a kai su wajen jin daɗin wanda ke baya ba, amma babur ɗin kansa ya haura kilo 360. Juya shi a ƙuntataccen wuri ko tsayar da shi a kan tsakuwa da mutum a baya aiki ne na wanda ya saba. Baburan tsere kuwa a bar su: kujerar bayan ba ta fi tafin hannu biyu ba, matakan ƙafa kuma suna sama har gwiwa ta kusa taɓa ƙirji.

Kada ka sayi babur na goyo kai kaɗai. Ka je da wanda zai zauna a baya, ya hau, ya yi minti goma a zaune. Ku duba lanƙwasar gwiwarsa: idan ta ɗago sama da ƙugu sosai, nauyinsa duka yana komawa kan ƙashin mazauni, bayan awa guda zai fara mutsu-mutsu, kai kuma duk motsinsa a hannunka za ka ji shi. Ku duba ko kujerar ta karkata gaba, domin irin wannan tana zamo da shi kanka duk lokacin da ka taka birki, hulunanku su yi ta karo. Ku duba maƙalan hannu na gefe, ko yatsu na shiga da safar hannu a hannu. Kujera mai laushi sosai tana burgewa a wurin saye, a hanya kuma soson yana lotsewa har mutum ya zauna a kan robar da ke ƙasa. Soso mai ɗan tauri da faɗi ya fi. Idan kujerar ce kawai aibin babur ɗin, ana iya sake mata soso, ko a ɗora matashin iska irin na Airhawk, wanda ba a cika shi da iska, ɗan kaɗan ake hurawa yadda mutum zai kusa taɓa kujerar. Matashin jel yana rage girgiza amma yana riƙe zafi in babur ya tsaya a rana.

Abin da ya fi bambanta babur da babur a goyo shi ne shokazoba ta baya. Da zarar mutum biyu sun hau, baya yana nutsewa, gaba ya yi sauƙi. Daga nan matsaloli ke biyo juna: kan babur yana rawa a gudu, babur ya ƙi shiga kwana yadda aka saba, fitila ta koma haska idon masu tahowa maimakon titi, ƙasan babur ya riƙa gogar kwalta, in an faɗa rami kuma shokar ta kai maƙura ta buga. Maganinsa shi ne ƙara matsin sifirin har babur ya dawo daidai tsayinsa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce idan kowa ya hau da kaya, shokar ta nutse kamar kashi ɗaya cikin uku na iyakar nisan da take iya nutsewa.

Yadda ake ƙara matsin ya kasu huɗu, kuma nan ne ya kamata ka yi zaɓi da kyau. Akwai mai matakala, wanda ake juyawa da sifana mai ƙugiya, mataki biyar ko bakwai. Yana da sauƙi in hannu na isa wurin. Akwai mai zobe biyu a kan zare, wanda ya fi ba da daidaito amma yana da wahala har mutane kan bar shi yadda ya zo daga kamfani. Akwai mai murfin juyawa a gefen babur, ka murɗa da hannu cikin daƙiƙa kaɗan ba tare da kayan aiki ba. Sai na lantarki, ka danna maɓalli kawai, sai dai in ya lalace ba kowane makanike ke taɓa shi ba. Ga mai hawa shi kaɗai yau, gobe da goyo, mai murfin juyawa ya fi. Ka sani kuma ƙara matsi ba ya ƙara wa sifirin tauri, tsayi kawai yake dawowa da shi. Idan ka kai matsin ƙarshe babur bai daina nutsewa ba, sifirin ne ya yi muku laushi, sai an sa mai ƙarfi. A babur na hannu ka leƙa jikin shokar: danshin mai a sandarta alama ce ta gama aiki.

Taya ma tana da nata iyakar nauyi, a rubuce a gefenta. A 150/70 R17 69V, lambar 69 tana nufin kilo 325. 73 tana nufin 365. 58 da aka saba gani a tayar gaba kuma 236. Kada ka sa taya mai lambar da ta gaza wadda kamfani ya rubuta, domin yawancin nauyin goyo da kaya a kan tayar baya yake sauka. Lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT suna faɗin lokacin da aka yi ta: 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Tayar da ta haura shekara biyar, ko zanenta bai cinye ba, robar ta fara bushewa. Littafin babura da yawa yana ba da awon iska biyu, na mutum ɗaya da na mutum biyu. Ka bi na biyun, ka auna da safe kafin taya ta ɗumama. Taya mai ƙarancin iska a ƙarƙashin nauyi tana lanƙwashewa ta yi zafi, kuma zafin ne ke fasa ta. Tsakanin tubles, wato taya marar tif a ciki, da mai tif, tubles ta fi wa mai goyo: ƙusa in ta shiga iska a hankali take fita, kuma ana toshe ramin ba tare da an cire tayar daga babur ba. Mai tif tana iya sacewa lokaci guda, facinta kuma sai an kwance wili a bakin hanya.

Sarƙa ko shaf, wato sandar ƙarfe da ke juya tayar baya a madadin sarƙa? Shaf ba ya neman kulawa a hanya amma yana zuwa ne da manyan babura. Sarƙa tana son mai duk bayan kilomita 500 zuwa 1,000, kuma a babura da yawa tana ƙara ɗaurewa idan baya ya nutse, don haka kada ka matse ta fiye da abin da littafi ya ce. Birki mai ABS kuwa, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki da ƙarfi, ba abin sassauci ba ne a nan. Man birki a sake shi in ya shekara biyu.

Wajen akwatunan kaya, fasinja ya riga ya cinye wurin da mai tafiya shi kaɗai ke ɗaure jaka, saura gefe biyu da baya da kan tanki. Akwatin baya yana ba fasinja abin jingina, musamman in an manna masa matashi, kuma mutane da yawa sai da shi hankalinsu ke kwanciya. Amma ƙarfen da ke riƙe shi yawanci kilo 5 zuwa 10 aka yarda ya ɗauka, kuma akwatin yana can bayan tayar baya, inda kowane kilo ke ƙara ɗaga gaba. Rigar ruwa da safar hannu da abubuwa marasa nauyi su ne nasa. Masu nauyi su tafi ƙasan akwatunan gefe, a raba su daidai. Alminiyam yana kullewa kuma yana jure duka, amma yana da nauyi da faɗi. Na roba ya fi sauƙi, sai dai faɗuwa ɗaya na iya fasa shi. Jakunkuna masu laushi sun fi kowa rashin nauyi kuma ba su cika karya ƙafa ba in an faɗi, aibinsu ba sa kullewa, kuma in babu abin tsare zafi salansa tana ƙona su. Ko wanne ka zaɓa, a ɗora shi a babur fasinja ya gwada hawa: akwatin da ya matso gaba yana hana diddige zama a kan mataki.

Kayan kariya na wanda ke baya su zama daidai da naka, ba tsohuwar hular da ta yi maka yawa ba. Nemi hular kwano mai rufe haɓa mai shaidar gwajin inganci ta ECE 22.06 ko DOT, wadda ta kama kai ba ta juyawa in an girgiza. Mai buɗewa ta gaba tana da daɗin magana da shan ruwa a wurin tsayawa, amma ta fi nauyi da ƙara. A riga da wando duba alamar gwajin inganci ta EN 17092, ajin AA ya isa tafiyar titi, kariyar baya kuma EN 1621-2 mataki na 2. A haɗa da abin toshe kunne, domin ƙarar iska a cikin hula a gudun kilomita 100 ta wuce decibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma ita ce ke kawo gajiyar da mutum bai san daga ina ta fito ba. Na'urar magana tsakanin huluna, irin ta Cardo ko Sena, mai Bluetooth ta talaka ta wadatar ga mutum biyu a babur ɗaya. Mai haɗa ayarin babura guda kuɗin banza ne a nan. Duk da haka ku yi yarjejeniyar alama da hannu, misali taɓa kafaɗa sau biyu na nufin a tsaya, saboda batir yana ƙarewa.

Kafin ranar tafiya ka tabbatar lasisinka ya ba ka damar goyo, inshorarka kuma ta haɗa da fasinja, domin ba kowace ke haɗawa ba. Sannan ku loda babur da duk abin da za ku tafi da shi, ku yi gwajin kilomita 100 zuwa 150 da ya haɗa da tudu da gangara da hanya mai gargada. A nan za a gane igiyar da ke kusantar taya, da jakar da ke taɓa salansa, da ko matsin shoka yana son ƙari. A tsara rana a kan kilomita 300 zuwa 400, da tsayawa duk bayan awa ɗaya ko ɗaya da rabi. Wanda ke baya ba shi da abin yi da hannu ko ido, don haka shi ke riga jin sanyi da barci. Idan ka ji hularsa ta fara dungurin bayan taka ba tare da ka taɓa birki ba, gyangyaɗi yake yi, ka nemi wurin tsayawa.