Bahon wanka na ƙarfe ko na akirilik: wanne za ka sa a sabon banɗaki?

Kafin ka tambayi farashi, fara duba yadda za a riƙa wanka a gidan. A yawancin gidajenmu ba kwanciya ake yi cikin baho ba. Tsayuwa ake yi a ciki a buɗe shawa, ko a ajiye bokiti a riƙa ɗiba da moɗa, wani lokaci ma a ciki ake wankin kayan yara. Saboda haka ƙarfin gindin bahon ya fi kyan surarsa muhimmanci, kuma a nan ne nau'o'in biyu suka fi bambanta.

Bahon ƙarfe falle ne na ƙarfe da ake matsawa da inji ya ɗauki siffa, sannan a lulluɓe shi da garin gilashi a gasa a zafin da ya kai kusan digiri 850 har ya narke ya manne. Irin aikin da ake yi wa langa da samira ke nan, kuma halinsu ɗaya. Fuskar tana da tauri, bokiti ba ya karce ta da sauƙi, launinta ba ya dushewa, ruwan zafi ba ya yi mata komai. Amma idan guduma ko kan famfo ya faɗo a kai, rufin zai ɓantare, baƙin ƙarfe ya bayyana, tsatsa ta fara cin wurin kamar yadda take cin bakin tsohuwar langa. Akwai maganin cike ɓantarar, sai dai tabon ba ya ɓacewa gaba ɗaya.

Kauri shi ne abin tambaya. Kamfanonin Jamus irin su Kaldewei da Bette suna yin masu kaurin milimita 3.5, suna kuma ba da garantin shekara 30. Irin wannan, mai tsawon santimita 170 da faɗin 70, yana kai kilo 45 zuwa 50. Masu sauƙin kuɗi sun fi sirara, wajen milimita 2 da ɗoriya ko ƙasa da haka. Sirarin yana ɗan lanƙwasawa idan mai jiki ya taka, gilashi kuwa ba ya lanƙwasa, sai ya yi tsatstsaga ƙanana. Ga kuma ƙara: ruwa na zuba, sai ka ji kamar ana kaɗa garwa. Leƙa ƙasansa ka ga ko an manna faifan roba masu kashe ƙara.

Akirilik kuwa roba ce mai ƙyalli da ake ɗumamawa a tsotse ta cikin mazubin da zai ba ta siffar baho, sannan a ƙarfafa bayanta da zaren gilashi da danƙo, a manna katako a gindi. Ba ya da nauyi, wajen kilo 20, mutum biyu za su hau da shi bene ba tare da wahala ba. Ana samunsa a kowace siffa, har da na kusurwa. Babbar falalarsa ɗumi. Da hunturu, bahon ƙarfe yana da sanyi a jiki, kuma yana fara shanye zafin ruwan kafin shi kansa ya ɗumama. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai hita ta lita 50. Idan ta kai digiri 65 aka sirka da ruwa mai digiri 20, abin da za a samu na ruwan wanka mai digiri 40 wajen lita 112 ne kawai, wato wanka ɗaya na kwanciya, fiye da jarka huɗu ta mai ruwa. Wanda ke son jiƙa jikinsa ya daɗe, akirilik zai fi riƙe masa zafin.

Matsalar ita ce ba duk abin da ake kira akirilik a kasuwa ne akirilik ba. Akwai wanda jikinsa wata roba ce mai arha, aka yi mata siririn rufi a sama. Shi ne ke komawa ruwan ɗorawa bayan 'yan shekaru, shi ne kuma ke tsagewa a kewayen ramin fitar ruwa. Nemi mai kaurin milimita 5 zuwa sama. Kada ka tsaya ga maganar mai shago: danna gefen bahon da tafin hannu, in ya lotsa ka bar shi. Haska fitilar waya ta baya, in haske ya ratso sosai rufin bayan bai isa ba. Juya shi ka duba katakon gindi, ya kamata ya zama a lulluɓe ruf da zaren gilashi, domin katakon da ke fili zai sha danshi ya kumbura.

Wajen tsafta kowanne da abin da ba ya so. Akirilik ba ya jure garin goge tukunya, soson ƙarfe, tina da maganin goge farcen mata. Tafasasshen ruwa ma haka: ranar da babu wuta aka dafa ruwa a gas, a fara zuba na sanyi tukuna. Amma karce mara zurfi yana gyaruwa, a goga da sanfefa mai laushi sosai, lamba 1500 ko 2000, da ruwa, sannan a bi da man goge mota. Na ƙarfe kuwa asid ne maƙiyinsa. Maganin wanke masai da ruwan da masu tayil ke wanke siminti da shi suna kashe ƙyallinsa, kuma ba ya dawowa. Idan ruwan burtsatsenku na barin jan tabo ko farin gishiri, a riƙa share bahon da tsumma bayan wanka, ya fi neman magani mai ƙarfi daga baya.

Ramin famfo ma abin lura ne. Akirilik ana huda shi a wurin aiki. Na ƙarfe a sayo shi da raminsa daga kamfani, ko a sa famfon a bango, domin huda shi na fasa rufin.

Rabin lalacewar baho daga girkawa take. Akirilik yana bukatar tallafi a gindi da kuma katako ko gini a ƙarƙashin bakinsa ta gefen bango, in ba haka ba zai riƙa motsi har silikon ya ɓalle, ruwa ya riƙa zurarewa bayan tayil. A cika bahon da ruwa kafin a sa silikon, a bar shi haka awa 24, don ya bushe alhali bahon yana ɗauke da nauyinsa. Bututun fitar ruwa milimita 40 ne, a ba shi gangara. Magina suna son toshe gaban baho da bulo su bi da tayil. A sa su bar ƙofar dubawa ta wajen bututun, ko kuwa ranar da ya fara yoyo sai an fasa. Na ƙarfe kuma, musamman inda akwai hita, a kira mai wayarin ya duba haɗa shi da wayar ƙasa.

Gidan haya, gidan yara da yawa, da duk inda bokiti zai riƙa shiga yana fita, ƙarfe mai kauri ya fi dacewa. Banɗakin maigida a bene, inda ake son kwanciya cikin ruwan ɗumi, akirilik mai kyau ya wadatar. Idan kuɗin bai kai na ƙarfe mai kauri ba, gara akirilik mai ƙarfafaffen gindi da siririn ƙarfe. In kuma akwai tsoho a gidan, a tuna bakin baho yana kai santimita 55 daga ƙasa: a zaɓi mai gindi mara santsi, a kafa mariƙi a bango tun kafin a sa tayil.