Zanen kwamfuta da hoton gaskiya na tauraron ɗan'adam: ina suka bambanta?

Malam, ka tambaya ko bidiyon da kake son nuna wa ɗalibanka na sakandare a Tudun Wada, wanda tauraron binciken kimiyya yake zagaya duniya a cikinsa, kyamara ce ta ɗauka ko kuwa zane ne. Galibin irin waɗannan bidiyoyi zanen kwamfuta ne mai motsi, domin kafin a ɗauki tauraro yana tafiya sai an sami wani kumbon a kusa da shi riƙe da kyamara, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Hubble, tauraron hangen nesa da Amurka ta harba a 1990, yana da hotunan gaskiya ne saboda 'yan sama jannati sun je gyaransa sau biyar tsakanin 1993 da 2009.

A hoton gaskiya sararin baƙi ne ƙirin, ba a ganin taurari, saboda hasken rana da ke kan jikin na'urar ya rinjayi kyamarar. Mai zane kuwa yakan watsa taurari ko'ina, har ya ƙara ƙugin inji, alhali sauti ba ya tafiya inda babu iska.

Inda zanen ya fi ɓatar da yara shi ne girma da lokaci. Hubble yana tafiya ne kimanin kilomita 500 daga doron ƙasa, faɗin duniya kuma ya haura kilomita 12,700. Da duniya ƙwallon ƙafa ce, da tazarar ba ta kai santimita ɗaya ba, tauraron kansa ma ido ba zai gan shi ba. Amma a zane sai ka gan shi ya yi rabin Afirka, ya kuma kammala zagayen da ke cin minti 95 cikin daƙiƙa talatin.

Duk da haka ni zanen zan kai aji, tunda shi kaɗai ke iya nuna hanyar zagayen gaba ɗaya da yadda duniya ke juyawa a ƙarƙashinta, muddin ka faɗa musu tun farko cewa zane ne. In suna son shaida da idonsu, su duba sama bayan magariba a daren da babu hazo ko hadari a Zariya: Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wato babban kumbon da 'yan sama jannati ke zama a ciki, takan gifta lokaci-lokaci da haske tsayayye marar ƙyaftawa, ta ɓace cikin 'yan mintoci.